Yadda muka bi hanyar samun izinin ruwan sha na masaukin baƙi a bakin tafkin Lagdo

Kawuna ɗan kasuwa ne a Garwa, a arewacin Kamaru, ya daɗe yana fataucin hatsi da albasa. Da ya samu fili a wata gangara da ke fuskantar tafkin Lagdo, sai ya ƙudiri aniyar gina masaukin baƙi a wurin: ɗakuna 24, da ɗakin cin abinci, da masallaci, da 'yan rumfunan hutawa saboda masu fitowa shan iska ranakun Asabar da Lahadi. Ni ya ɗora wa bin takardu, don ni ne mai jin Faransanci sosai a gidan. Takardar mallakar fili, da izinin gini daga ofishin magajin gari, da izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, kowanne ya ci nasa lokacin, amma babu wanda ya ja mu da nisa kamar maganar ruwan sha. Tun da Garwa ta karɓi wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022 nake jin 'yan'uwa a Gider da Marwa da Ngaundere suna zancen gina irin wannan wuri, kuma yawancinsu lissafin bulo da kwanon rufi suke yi, ruwa kuwa sun bar shi sai an gama gini. Saboda su nake rubuta wannan.

Bututun Camwater, kamfanin ruwa na ƙasa, bai kai filinmu ba, kuma jawo shi daga nesa ya fi ƙarfin aljihunmu. Saura hanya biyu ke nan: ko mu ja daga tafki, ko mu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Kawu tafkin ya fi so, kuma ba a ga laifinsa ba. Tun da aka datse kogin Binuwai a wurin, aikin da Sinawa suka yi tsakanin 1977 da 1982, ruwan da ke kwance yakan kai faɗin murabba'in kilomita 586 in ya cika. Mutum yana tsaye a filinsa yana kallon ruwa iya ganinsa, da wuya ya yarda ya zuba miliyoyi wajen neman wani a ƙarƙashin dutse.

Injiniyan ruwan da muka ɗauka dattijo ne da ya shekara yana aikin rijiyoyin karkara. Bai ja da Kawu a zaune ba, cewa ya yi mu sauka bakin ruwa da hantsi. A ɗan takun da muka yi mun wuce shanu suna sha suna fitsari a ciki, mata suna wanki, masunta suna wanke kifi da jarkokin man inji, ga kuma gonakin auduga a tudu waɗanda ruwan damina ke wanko takinsu da maganin feshinsu ya gangaro da su. Ya sa gwangwani ya kwaso 'yan ƙananan dodon koɗi daga ciyawar gefe, ya nuna wa Kawu.

"Alhaji, a cikin waɗannan tsutsar tsargiya take girma. Ba sai an sha ba ma, wanka kawai baƙonka zai yi ta shiga ta fata. Ana iya gyara ruwan tafki ya shawu, amma sai an zuba alam laka ta kwanta, a tace da yashi, a sa kulorin, a ajiye mutum yana gwadawa safe da yamma, kuma da damina in ruwan ya yi ja sai a sake awon magani. Ƙaramin kamfanin ruwa ne za ka buɗe a bayan masaukin."

A nan aka bar maganar tafki, aka koma foraj.

Sai kuma doka. Dokar ruwa ta Kamaru, mai lamba 98/005 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar ƙasa wadda gwamnati ke karewa take kuma tsara amfani da ita. Abu biyu a cikinta suka shafe mu kai tsaye. Na farko, ɗibar ruwa don kasuwanci ko masana'anta, na sama ne ko na ƙarƙashin ƙasa, sai da izini tun kafin a fara, kuma akwai kuɗin da ake biya a kansa. Dokar firaminista mai lamba 2001/164 ta ranar 8 ga Mayu 2001 ce ta fayyace yadda ake neman izinin. Na biyu, duk wanda ya miƙa wa mutane ruwan sha, sayarwa ya yi ko kyauta ya bayar, wajibi ne a kansa ya tabbatar ruwan ya cika ƙa'ida. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya ce, "Yanzu ruwan da Allah ya ajiye a ƙarƙashin filina ma sai na roƙa?" Injiniya ya ce, "Alhaji, baƙon da ya biya kuɗin ɗaki ya buɗe famfo bai san inda ruwan ya fito ba, amana ya ba ka. Hukuma tana tsaya masa ne, tana kuma tsaya wa maƙwabtanka, don ruwan ƙasa bai san iyakar fili ba." Ni dai a ganina duk sauran takardun da muka bi daga baya bayanin wannan magana ne.

Abin da aka fara nema a wurinmu lissafi ne: ruwa nawa wurin zai sha a rana in ya cika maƙil. Injiniya ya ɗauki mutum biyu a kowane ɗaki, baƙi 48 ke nan, ya ba kowanne lita 250 na wanka da bahaya da sauran buƙatu, ya tashi lita 12,000. Ya sa 4,000 na kicin da wankin zannuwan gado, 1,000 na ma'aikata, 3,000 na alwala da masu zuwa yini su koma. Jimla lita 20,000 a rana, ba a sa ban ruwan itatuwa ba. Sannan ya rubuta wani lissafin a ƙasa wanda har yau yana raina. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata na sha da girki da 'yar tsabta. A wannan ma'auni, masaukinmu shi kaɗai zai sha abin da mutum 1,000 za su rayu da shi. Ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu kuwa rijiyoyi biyu na guga suka dogara da su.

Kawu ya so a yi kwamin wanka na iyo, mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8. Injiniya ya ce a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kwarin Binuwai, rana da iska za su iya ɗauke kimanin milimita 8 daga saman ruwan a yini. Kowane milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, don haka kusan lita 800 za ta riƙa tashi sama kullum ba wanda ya taɓa ta. Aka ajiye kwamin a gefe, aka ce sai an ga ƙarfin rijiya.

Kafin a sa injin haƙa a ƙasa sai da muka shiga binciken tasirin aikin ga muhalli da jama'a. Tushensa dokar muhalli ce mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, sannan dokar firaminista ta 14 ga Fabrairu 2013 ta tsara yadda ake yinsa. Akwai ƙarami wanda ake dubawa a ofishin magajin gari, akwai matsakaici, akwai mai zurfi. Da aka duba girman aikinmu da kusancinsa da tafki, matsakaicin ya hau kanmu. Ba mai gini ke rubuta shi da kansa ba, sai kamfanin bincike da ma'aikatar muhalli ta amince da shi, kuma dole a zauna da mutanen wurin a rubuta abin da suka faɗa, su sa hannu.

Wannan zama ne ya sauya aikin namu. Jauro, wato mai garin ƙauyen, ya tara jama'a a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Lagdo wuri ne na taron dangi, tun da tafkin ya jawo masunta da manoma daga ko'ina, don haka ana magana da Fulatanci, ana maimaitawa da Hausa, mai rubutu yana ɗauka da Faransanci. Maza suka tambayi aikin yi ga samari, makiyaya suka tambayi burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Can sai wata tsohuwa daga bayan mata ta ɗaga murya, ta dube ni, tunda ni ke karanta lissafin.

"Ɗan nan, ni ban san lita ba. Igiyar gugana gaba takwas ce da kaka. In bazara ta yi nisa sai na ƙulla mata gaba uku. To in injinku ya fara sha, gaba nawa zan ƙara?"

Na ce, "Inna, wallahi wannan sai an gwada."

Injiniya ya miƙe ya ce gaskiya ne, ba mai iya amsawa daga baki, amma ana iya aunawa, kuma a gaban idonta za a auna. Aka rubuta abu uku a takardar zaman: za a yi gwajin ƙarfin rijiya a ƙarshen rani ana duba rijiyoyin ƙauye biyun a gaban shaidu, za a fitar da famfo ɗaya wajen katanga don jama'a, kuma ba za a toshe burtali ba. Na ga mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan zama kamar cika sharaɗi kawai, a raba goro a ɗauki hoto a tashi. Asara ce babba. Matan da ke jan guga sun fi kowa sanin yadda ruwan ƙasan wurin yake hawa da sauka shekara da shekaru, kuma wannan sani babu shi a kowace taswira.

Garin Garwa yana zaune a kan dutse mai yashi wanda ke riƙe ruwa, shi ya sa masu foraj a can ba su cika shan wahala ba. Filinmu kuwa dutse ne mai tauri a ƙasa, ruwa sai a tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Masu binciken ƙasa suka zo da wayoyi da turakun ƙarfe, suna kafawa a layi suna tura lantarki cikin ƙasa suna karanta inda ta fi wucewa da sauƙi. Wurin da Kawu ya so, kusa da kicin, dutse ne curi guda. Alamar tsaga ta fito ne a kusurwar ƙasa ta filin, can gangare.

Nan wata matsala ta ɓullo. Mai zanen ginin ya sa ramukan bahaya na ɗakuna duka a gangare, don ƙazanta ta gangara da kanta, kuma daidai wannan kusurwa suka faɗa. Abin da aka saba faɗa shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma kada masai ya kasance a sama da ita. Injiniya ya ce a ƙasa mai tsagaggen dutse ko mita 30 ɗin ba abin dogaro ba ne, domin yashi yana tace ƙazanta a hankali, tsaga kuwa wuce da ita take yi kai tsaye. Sai da aka sake zane, aka karkata bututun ƙazanta zuwa ɗaya gefen tudun, aka ƙara tsawon bututu da kuɗi. Da an riga an zuba kankare kafin a nemi ruwa, da sai dai a fasa ko a haƙura da rijiyar. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a nemi ruwa kafin a aza harsashi.

Aka yi haƙa da sanyi. Mai injin yana tara garin dutsen kowane mita a ƙasa, tsibi-tsibi a jere, injiniya yana murzawa a yatsa yana rubutawa. Aka tarar da ruwa a mita 38, aka sake tararwa a 51, aka tsaya a 62. Aka zura bututun roba, mai tsaga-tsaga a daidai inda ruwa yake, aka zuba tsakuwa a kewaye, aka toshe mitocin sama da siminti don kada ruwan sama ya bi jikin bututu ya sauka. Wannan toshiyar ita ce masu haƙa na gaggawa suka fi tsallakewa, tunda ba a ganinta in an rufe, don haka ku tsaya a kai ranar da ake zuba ta. Da aka hura iska ruwa ya yi tsiri, mai injin ya ce rijiyar za ta ba da lita 5,000 a awa. Kawu ya yi hamdala, ya so a sayo famfo washegari.

Injiniya ya ƙi. Ya ce abin da rijiya ta tofar a watan Janairu cikin 'yan mintoci ba shi ne abin da za ta jure bayarwa a watan Afrilu ba, ga shi kuma mun yi wa mutane alkawari. Jiran ya yi wa Kawu nauyi ƙwarai, siminti yana ƙara kuɗi, magina suna neman tafiya wani aikin. Ya kira ni ya ce, "Kai da injiniyan nan naka kuna so ku tsufar da ni a kan rijiya ɗaya." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, maganar da aka yi a gaban jauro ce." Ya yi shiru, ya ce a jira.

Da Afrilu ya kama, mayo, wato rafuka, duk sun bushe sai yashi, aka zura famfon gwaji. Ana farawa da kaɗan, lita 1,000 a awa, a ƙara zuwa 2,000, zuwa 3,000, zuwa 4,000, kowane mataki awa biyu, ana zura wata waya mai ƙara a cikin rijiya wadda ke yin tsuwa da zarar ta taɓa ruwa, a karanta zurfin a rubuta. Bayan nan aka bar famfo yana ja ba tsayawa har awa 48, sannan aka kashe aka auna yadda ruwan ke dawowa. A can ƙauye kuma an ɗaura ƙyalle a igiya daidai bakin kowace rijiya tun asuba kafin mata su fara ɗiba, ɗan jauro da tsohuwar nan suna zaune suna kallo. A kan lita 4,000 ruwan foraj ɗinmu ya yi ta sauka bai tsaya ba, kuma rijiyar ƙauye da ta fi kusa ta ja baya da kusan kamu ɗaya. Ashe tsagar da muke sha tana haɗe da ruwan da suke sha. Da aka sake gwadawa a kan lita 3,000, ruwanmu ya sauka ya tsaya wuri guda, tasu kuwa ba ta motsa yadda ido zai gani ba.

A kan wannan aka tsayar da komai: famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba zai wuce lita 3,000 a awa ba, na kimanin awa bakwai a yini, lita 21,000 ke nan. Da kyar ya rufe buƙatarmu, sannan ga famfon waje. Aka rage yawan ruwan da kawunan shawa ke zubarwa, aka sa tankunan bahaya masu ƙaramin ciki, aka gina shato, wato tankin ruwa na sama, mai ɗaukar lita 40,000 don ya riƙe mu kwana biyu in hadari ya rufe rana ko famfo ya lalace. Ban ruwan itatuwa aka mayar da shi kan wani layi daban da ke jan ruwan tafki, aka shafa wa bututunsa jan fenti daga farko har ƙarshe, ba shi da mahaɗa ko ɗaya da layin sha.

Saura ingancin ruwan. Ruwanmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano, amma ido ba ya ganin abin da ke kwantar da mutum. A Kamaru sunan da aka fi sani a harkar gwaje-gwaje shi ne Centre Pasteur, mai hedikwata a Yawunde da reshe a Garwa. Abin da hukuma ke so dai shi ne sakamako daga ɗakin gwajin da ta amince da shi. Ma'aikaciyar da ta zo ɗibar ruwan ta burge ni. Ta wanke hannu, ta jiƙa auduga da sifirit ta kunna ta ƙona bakin famfon, ta bar ruwa ya zuba na 'yan mintoci, sannan ta buɗe kwalbar da aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta, tana riƙe da murfin a yatsu ba ta ajiye shi a ƙasa ba, ba ta kuma bari bakin kwalbar ya taɓa famfo ba. Ta bar ɗan sarari a sama, ta rufe, ta rubuta wuri da lokaci, ta sa a kula mai ƙanƙara, ta ce wa direba kada ya tsaya ko'ina, domin ruwan gwajin ƙwayoyin cuta ana so ya isa cikin awa shida.

Ma'aunin da ake bi ya yi daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya a manyan abubuwa. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ya taɓa ruwa, ba a yarda a samu ko ɗaya ba a cikin mililita 100. Nitrat, wanda ke zuwa daga taki da masai, kada ya wuce miligiram 50 a lita. Arsenik, wani sinadari mai guba, 0.01. Fuloraid 1.5, kuma wannan ba abin wasa ba ne a arewacin ƙasar nan: a kwarin Mayo Tsanaga, wajen Marwa, an daɗe da gano rijiyoyin da fuloraid ya yi wa yawa, ana ganin alamarsa a haƙoran yara da suka dafe. Tafasa ruwa ba ta cire shi, kulorin ma haka. Wanda zai yi gini a wannan yanki ya nemi a gwada masa shi musamman.

Namu sakamakon ya fito da nitrat da fuloraid a ƙasa da iyaka, amma da abu biyu. Sinadarin ƙarfe ya kai miligiram 0.6, alhali daga 0.3 yake fara rina farin zane da kwanon wanka ja. Sannan an ga wasu ƙwayoyin cuta, ko da yake ba E. coli ba ne. Injiniya ya ce ruwa ba ya tsami banza, a sabuwar rijiya yawanci daga kayan haƙa da hannun ma'aikata suke shiga. Aka narka kulorin mai ƙarfi aka zuba a rijiyar ya kwana, aka yi ta ja har warin ya ɓace, aka dakata, aka sake ɗiba. Na biyun ya fito fes. Ƙarfen kuma aka yi masa wurin da ruwa ke zubowa ta faranti masu huji ya sha iska, sannan ya bi ta tukunyar yashi kafin ya hau shato.

A tsakanin gwajin farko da na biyu wani ɗan kamasho ya same ni a bakin wani ofishi, ya ce in na ba shi wani abu zai kawo mini takardar sakamako mai hatimi ba sai an sake ɗibar ruwa ba. Na kai wa Kawu maganar yadda take. Ransa ya ɓaci. Ya tuna mini da kwalarar 2010, wadda ta fi tsanani a nan arewa, ta kama mutum sama da 10,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 600. Ya ce, "Na yi jana'izar mutanen da na sani a shekarar nan. Ka gaya masa ba mu saye." Takardar bogi tana iya wuce teburin ma'aikaci, amma ruwan da ke cikin bututu yana nan yadda yake, kuma yaran mutane ne za su sha.

Daga nan sai haɗa dosiye, wato kundin takardun neman izini: takardar neman izini mai tambur, taswirar wurin da ke nuna rijiya da ramukan bahaya da tazarar da ke tsakaninsu, rahoton haƙa, rahoton gwajin ƙarfi, sakamakon ɗakin gwaji, takardar amincewar ma'aikatar muhalli, da adadin ruwan da muke neman ɗiba. Muka shigar ta ofishin wakilin ma'aikatar ruwa da makamashi. Shawarata a nan gajeriya ce: ku yi kofi na komai, ku karɓi shaidar shigarwa mai kwanan wata, kuma ku tabbatar adadin ruwan da ke takardar muhalli shi ne ke takardar ruwa, shi ne kuma ke ta yawon buɗe ido. Lamba ɗaya in ta saɓa, dosiye ya dawo.

Dokar yawon buɗe ido ta 18 ga Afrilu 2016 ta raba izinin gina masauki da izinin buɗe shi, don haka kafin mu karɓi baƙo na farko sai da tawaga ta zo duba wuri, da mutanen yawon buɗe ido, da na ruwa, da na muhalli, da jami'in tsabta na magajin gari. Sun duba dakalin siminti da shingen da ke kewaye da bakin rijiya, sun karanta mitar da ke ƙirga ruwan da muke ja, ɗayansu ya hau shato ya duba murfi da ragar da ke bakin bututun ambaliya don kada ƙadangare ko tsuntsu ya faɗa. Jami'in tsabta ya wuce ɗakin da ya fi nisa da shato, ya tari ruwa a 'yar kwalba, ya jefa ƙwayar gwaji, ruwan ya koma ruwan hoda mai haske. Abin da ake so shi ne kulorin ya yi aƙalla minti 30 a cikin ruwa kafin a sha, kuma a samu ragowarsa tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita har a famfo na ƙarshe. Ya fita waje ya gwada famfon jama'a ma. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, wannan na sadaka ne, amma a wurin doka ɗaya yake da na ɗakin baƙo."

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne bayan buɗewa. Kafin a ba ka izini idanu da yawa suna kanka. Bayan nan doka ta tanadi jami'ai masu rantsuwa da ke sa ido kan ingancin ruwa, tun dokokin 2001, amma jihar Arewa kaɗai ta kai faɗin murabba'in kilomita 66,000, daga Mayo-Luti har Mayo-Rey da Faro, ga rijiyoyi ba iyaka. Ba mai hankalin da zai zaci jami'i zai riƙa leƙa shatonsa kowane mako. Ruwa kuwa yana iya lalacewa a dare ɗaya: murfi ya goce, bututu ya fashe kusa da kwata, ko mai zuba magani ya yi tafiya bai bar wa kowa ba. Da za a ji tawa, da an wajabta wa kowane masauki da gidan abinci mai foraj ɗin kansa ya manna sakamakon gwajinsa na baya-bayan nan a wurin karɓar baƙi, da kwanan wata, yadda ake manna farashin ɗaki. Baƙo da kansa zai zama mai duba.

Mu dai ga yadda muke yi. Akwai littafi a ɗakin famfo, kowace safiya ana rubuta lambar mita da awon kulorin a famfo uku, har da na waje. Mutum biyu aka koya wa haɗa magani, don kada rashin ɗaya ya tsayar da aiki. Ana wanke shato kafin damina da bayanta, ana kai ruwa ɗakin gwaji a ƙarshen rani da tsakiyar damina, lokutan da ya fi sauyawa. Ɗakunan da suka kwana biyu ba kowa ana buɗe famfunansu ruwa ya zuba kafin a sa baƙo, saboda ruwan da ya tsaya a bututu mai ɗumi kulorinsa yana ƙarewa, ƙwayar Legionella mai kawo ciwon huhu kuma a irin wannan ɗumin take yaɗuwa. Farkon kowane wata ɗan jauro yana auna rijiyoyin ƙauye da igiyar nan mai ƙyalle, ya kawo mu rubuta kusa da awon tamu. Kwamin iyo har yanzu ba a haƙa shi ba. Mun yi da Kawu cewa sai littafin ya nuna bazara biyu a jere ba tare da rijiyoyin ƙauye sun ja baya ba, sannan mu koma wurin ma'aikatar ruwa mu nemi a ƙara mana adadin da aka yarda mu ɗiba.